Malam Shitu a Ƙarƙashin Ganuwa

Mata masu zuwa rijiya da sassafe ne suka fara ganin ƙafar, ta leƙo daga ɓaraguzan tsohuwar ganuwar Garun Maje, a ƙasar Bebeji. Kafin Insifekta Inuwa ya iso a kan babur ɗinsa mai tarin fuka, gari ya riga ya gane Malam Shitu ne, ya kuma riga ya yanke hukunci. Matasa sun ritsa Sabo mai tifa a gindin ɗorawa, ɗayansu riƙe da jarkar fetur.

Inuwa ba gwanin bincike ba ne. Shi da kansa yakan ce da gwani ne, da ba a bar shi ya yi furfura yana raba rigimar akuya da gonar wake ba. Amma ya san ƙarshen jarkar fetur. Ya kulle Sabo a wani aji na firamare, ya roƙi dagaci alfarma zuwa azahar, lokacin jana'iza.

"Bayan azahar kuwa, Yallaɓai, ba ni da bakin hana su," in ji dagaci.

Malam Shitu tsohon malamin tarihi ne. Tun da ya yi ritaya ya koma bawan ganuwar nan. Ya san wace ƙofa fatake ke bi a da, ya san inda aka tare mahara. Da hannunsa yake kwaɓa ƙasa ya yi tubali yana cike inda ta zube, yana fatattakar masu ɗibar ƙasarta. Gari na kiransa Sarkin Kufai, ba don yabo ba.

Inuwa ya hana a sa shebur, ya ce a tone da hannu. Da gawar ta bayyana sai ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙorafi. Malam na kwance kan gefen dama, fuska na kallon alƙibla, ƙafafu a miƙe, hannuwa a jikinsa. Ido a rufe, baki a rufe, babu ko ƙwayar yashi a ciki. Akwai rauni a ƙeya. Ƙarƙashin gemu kuma wani siririn shaci ya hau ta gaban kunnuwa zuwa tsakar ka.

Ya fara da Sabo.

"Kai ke haƙar gindin ganuwa?"

"Ranka ya daɗe, ɓarawon ƙasa ne ni, ban musa ba. Masu bulo nake kai wa. Amma tifata tun shekaranjiya take zube a Ƙafin Maiyaki, a ƙarƙashinta na kwana. Ƙarfen gyaranta na zo nema suka kama ni."

"In ka ga gawa me kake yi?"

"Gudu, wallahi."

Bakanike ya tabbatar ta waya, har da ƙarin zagi ga tifar.

Sai Ɗantani, manomin da ke kwasar ƙasar ganuwa yana zubawa a gona a madadin taki.

"An ce kun yi sa-in-sa da Malam."

"Ya kira ni jahili a gaban surukaina, Yallaɓai. Na ji zafi. Amma jiya ina Kiru wurin ɗaurin aure, da safen nan muka dawo. Motar cike take da 'yan garin nan, tambayi wanda ka ga dama."

Inuwa ya tambayi mutum uku, duk baki ɗaya. Rana ta fara zafi, jarkar fetur na nan a inuwa tana jira.

Ya je gidan makoki ya yi wa Saude, matar marigayi, ta'aziyya daga bakin ƙofa. Ta ce Malam ya fita bayan la'asar, ba su damu ba don yakan kwana a rumfarsa ta bakin ganuwa.

"Wa zai yi masa wanka?"

"Da Yaya Ɗanasabe ne, wansa. Shi ke wanke kowa a garin nan. To ya aiko wai hannunsa na ciwo, a nemo wani daga garin Ƙofa."

Inuwa ya tarar da Ɗanasabe shi kaɗai a zaure, dattijo mai tsafta, yana jan carbi da hannun da aka ce yana ciwo. Ya cire takalmi, ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya zauna a ƙasa.

"Baba, ina da tambaya irin ta marasa ilimi. Wanda gini ya faɗo wa, yaya ake samunsa?"

"Yadda Allah ya so."

"Ni dai waɗanda na tono, a dunƙule suke, baki cike da ƙasa. Ƙaninka kuwa kamar a kabari. An juya shi dama, an rufe masa ido, an ɗaure masa haɓa, an zauna da shi har bakin ya kama, sannan aka kwance aka turo masa gini. Alƙibla kowa ya sani. Ɗaurin haɓa kuwa sai wanda hannunsa ya saba. Ɓarawon ƙasa ba zai tsaya wannan hidima ba." Ya nuna jelar rawanin dattijon, wadda aka yage gefenta. "Ina ƙyallen, Baba?"

Carbin ya tsaya. Ɗanasabe ya zaro tsumman daga aljihu ya ajiye a tabarma.

"Ƙofa kawai na so in fasa," in ji shi. "Gidanmu ya jingina da ganuwar, ɗana Munir ya rasa inda zai yi ɗaki. Na ɗauki diga na je, Shitu ya riƙe ta. Ya ce kakanninmu. Na ce kakanninmu sun samu makwanci, ɗana ne bai samu ba. Na fizge, ya faɗi da baya kan dutse." Ya dubi tsumman. "Baƙi ma ban taɓa barinsu baki a buɗe ba, Yallaɓai. Balle wanda na goya."

"Sabo fa? Da ka bari an ƙone shi?"

Ɗanasabe ya ci gaba da jan carbinsa.

Inuwa ya sa dagaci ya faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ya faru da bakinsa. Mai jarka ya sulale, kamar da ma injinsa ya sayo wa man. Sabo ya fito daga aji, ya zauna a turɓaya yana kuka.

Ana fitar da Ɗanasabe da ankwa sai ga mai wankan Ƙofa ya sauka daga acaɓa, wani matashi mai rawar jiki. Dattijon ya ja ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka ɗumama ruwan, ba ya son sanyi," in ji shi. "Kuma ka tallafe ƙeyar a hankali. A buɗe take."