Ƙaro a Kusurwar Akwatin Kifi

Da safe Kamalu ya shiga falonsa a Isa, ya ji ƙafarsa cikin ruwa. Akwatin gilashin da yake kiwon kifin ado a ciki ya tsiyaye tas, kifayen sun sheƙa barzahu.

Kafin hantsi ya damƙo Jibrilla mai gilashi, wanda ya gyara masa akwatin kwanan nan, a tsakiyar kasuwa, ya kira shi macuci a bainar jama'a, ya ja shi ofishin 'yan sanda. Mai sana'a kuwa in sunansa ya ɓaci a Isa, sai dai ya tattara ya bar gari.

Saje Nasiruddeen ya zo gidan yana ƙunƙuni. Shi da ke bin ɓarayin shanu, yau ga shi da gawar kifi. Jibrilla ya rantse ya yi aiki a kan ƙa'ida: ya kwashe kifin a roba, ya kankare tsohon silikon, wato danƙon liƙe gilashi, da reza, ya goge, ya shafa sabo, ya ce kada a zuba ruwa sai ya bushe. Kamalu ya yarda an jira. Maƙwabcinsa Bawa, da za a iya zargi don sun yi cacar baki kan magudana, yana Sabon Birni tun makon jiya. Basira, matar gidan, ta ce ko kusa ba ta zuwa, tsoron gilashin take.

Kan Saje ya ɗaure. Ya duba akwatin: kusurwa uku lafiya lau. Ta huɗun babu silikon ko ɗigo, sai wani danƙo. Ya dangwala ya lasa, ya ƙara rikicewa, don ƙaro ne, irin na haɗa tawada. Wane macuci zai ɓata abu kuma ya tsaya liƙewa?

Ya tambaya ko wa ya zo gidan kwanan nan. Aka ce sai Hajo, mahaifiyar Kamalu, daga Turba. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, kin taɓa akwatin ga?"

"Ni nag gyara shi," in ji ta, hankali kwance. "Abin da yaron ga ya shahwa tsami shikai, awa nonon da yal lalace. Na kankare wuri guda da wuƙa, na liƙe da ƙaro. Sauran ƙarhina bai kai ba."

Saje ya yi bayani: sabon silikon dama warin tsami yake kafin ya bushe, ƙaro kuwa ruwa narkar da shi yake. Hajo ta kasa gane yadda gyara ya zama laifi.

Kamalu ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya roƙi a bar maganar a cikin gida, zai ba Jibrilla haƙuri nan take.

Jibrilla ya girgiza kai. "Inna ba ta da laihi wurina. Amma kai, kasuwa ka zage ni. Tashi mu koma can."