Mazan Gidan Adisa Ba Sa Furfura

Morenike na zuba amala a rumfar mahaifiyarta a Ogbomoso ranar da wani dogon saurayi ya ce a tsame masa man da ke kan miya.

"Malam, in ruwan zafi kake so, akwai a baya," ta ce.

Ya yi murmushi kawai. Adisa ke nan, tela. Sai da ya yi wata uku yana zuwa kafin ya faɗa mata: kitse ke taruwa a jininsa, gado ne. A bakin shago babansa ya faɗi, yana ɗan arba'in da huɗu. Shi kuwa ya je an gwada shi, kullum da ƙwayar maganinsa.

Da maganar aure ta kai gida, aka tura gwaggonta bincike. Ta dawo ko ɗankwali ba ta kwance ba.

"Mazan gidan nan ba sa furfura. Uban da baffanni biyu, duk zuciya."

"An gama," in ji Mama. "Ba zan ga 'yata na takaba da goyo ba. Ga Wasiu mai kayan mota, gidansu lafiya lau."

"Wa ya gwada su, Mama?" in ji Morenike. "Wasiu da ke haki a matakala ta uku?"

Washegari saƙon Adisa ya shigo: "Nike tawa, gaskiya suka faɗa. Ban da tabbacin tsufa. In kin janye ba zan ga laifinki ba."

Ta amsa: "Ba inda zan je, ɗan rigima. Ka goge rigarka, Laraba za mu asibiti da Mama."

Faɗa Mama ta je yi. Likita ta saurare ta tsaf, ta ce haɗarin gaskiya ne, 'ya'yan ma za su iya gada, amma in an kama da wuri ana riƙe shi. Sannan ta ɗaura ma'auni a hannun Mama, ta duba, ta sake dubawa.

"Mama, tun yaushe jininki ya hau haka?"

Suna isowa gida Mama ta ce a gaya wa su Adisa su turo.

Ranar biki Adisa ya kwanta rub da ciki a gaban Mama shi da abokansa, gaisuwar surukai irin ta Yarbawa. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, sannan ta dafa kansa.

"Tashi, ɗana. Kan nan sai ya yi fari fat, ina raye ina gani."

Daga ƙarƙashin lulluɓi, amin ɗin amarya ta fi ta kowa ƙarfi.