Wadda Ta Ƙi Sa Hannu

A bakin kogin Komadugu, kusa da Diffa, Mala ya fara ganinta, tana tsaye da takalmi a hannu, laka har ƙwauri. Rabi'atu ce, 'yar Yero mai shanu na Maine-Soroa, ɗaliba mai karatun hulɗar ƙasashe a Dakar. Bincike ya kawo ta kan yadda Nijar da Najeriya ke raba ruwan kogin.

"Malama, nan fa gonar tattasai ce," ya ce yana danne dariya.

"To mai gona, nuna min hanya."

Ya raka ta har bakin kwalta. Tun ranar take ce masa Mai Gona, shi kuma yana kiranta Dakta tun ba ta zama ba.

Shekaru suka ja. Ta gama karatu, ta fara koyarwa a Yamai, har aka ɗauke ta mai ba da shawara a tawagar da ke zaman rabon ruwan. Mala bai kalli wata mace ba sai ita, amma mahaifiyarsa Ya Gumsu ta kafe ba zai aure ta ba.

"Yau tana Abuja, gobe Njamena. Wa zai riƙe maka gida?"

Sai wata shekara ruwan kogi ya makara, tattasai ya bushe a tsaye. Aka ji Rabi'atu a rediyo tana cewa ana nan ana tattaunawa. Gari ya ɗauka wai 'yar Yero ta sayar da kogi, har manoma suka daina amsa gaisuwar Mala. Cikin ɓacin rai ya tura mata saƙo:

"Gonata ta mutu, Dakta. Ke kina can kina tattaunawa."

Ya yi ta duba wayarsa har ya fid da rai. Sannan saƙonta ya shigo:

"Mai Gona, an kawo min rahoton da bai ambaci manoman Diffa ba, aka ce in sa hannu. Na ƙi, sun sallame ni. Gobe ina tasha. In ba ka zo ba, ba zan ga laifinka ba."

Tun kafin motar ta iso yana tasha. Ya sami Rabi'atu ta rame, idanunta sun faɗa.

"Na zalunce ki," ya ce.

"A'a, gaskiya ka faɗa a saƙonka. Ban kawo muku ruwa ba."

Da ƙafarta ta je gaban Ya Gumsu ta durƙusa.

"An ce kin rasa kujerarki saboda mu," in ji Ya Gumsu.

"Ya, ko da na rasa ta ɗin ma, ba a saki ruwan ba. Kuma koyarwa zan koma, tafiye-tafiyen ba su ƙare ba."

Tsohuwar ta matsa mata a kan tabarma.

"Wadda ba ta yi wa manya ƙarya ba, ba za ta yi wa ɗana ba. Zauna, 'yata."

Bayan sallah aka ɗaura aure, ba wani shagali, don shekarar ta yi wa kowa tsanani. Yero ya kama hannun Mala ya ce, "Ga amanata. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya dawo mana da ruwa."

Manoman da suka juya wa Mala baya, su suka fi kowa ɗaga murya da amin.