Mastas ɗin Mai Jego

Tun da hantsi ƙamshin ganyen darbejiya ya cika tsakar gidan Malam Jibrin da ke Kabara. Gwaggo Asibi, yayar maigidan, ta ci ɗamara tana kwasar tafasasshen ruwa daga tukunya, bakinta kuwa bai huta ba.

"Sa'ida, ajiye takardun nan ki fito kafin ruwa ya huce. Ni dai tun da nake yi wa 'ya'ya wankan jego ban taɓa gamuwa da mai shayarwa da biro a hannu ba sai ke."

"Gwaggo, tambaya ɗaya ta rage min."

"Ta rage ɗin. Ai tambaya ba ta hucewa, ruwa ne ke hucewa."

Sa'ida ta kwantar da jaririnta Mikail, ta fito tana dariya. Haihuwar fari ce, shi ya sa aka dawo da ita gidan iyayenta wanka, kuma gaskiya zaman ya yi mata daɗi. Da safe kunu, da rana farfesu, da yamma gasasshen nama ya sha yaji, har kumatu ta yi. Abu ɗaya ne ke raba ta da barcin rana: jarrabawar shiga Mastas da jami'a za ta yi wa masu neman gurbi a fannin ƙwayoyin cuta. Tun da tsohon ciki take shirinta, ta tara tsofaffin tambayoyi cikin kwali, ta bi su da jan biro.

Kullum bayan la'asar mijinta Auwal yakan baro shagonsa na yadi a kasuwar Kwari, ya zauna a soro kamar saurayi ya zo zance. Sai dai zancen nasu na yanzu, shi ne zai riƙe takarda yana jefo mata tambaya, ita tana amsawa tana jijjiga yaro. Shi difloma ya yi a harkar kasuwanci, saboda haka sunayen ƙwayoyin cutar nan ba ƙaramin wahalar da harshensa suke yi ba.

"Wai wa ya raɗa musu sunayen nan? Kamar na aljanu."

"Abban Mikail, karanta dai a hankali."

"A hankalin ma ba ya fita. Ki amsa kawai, in kin yi daidai zan gani a fuskarki."

Tun suna zancen gaske ya yi mata alkawarin aure ba zai tsayar mata da karatu ba, ga shi yana cikawa. Lissafinsu kuma ya tafi daidai, domin sai ta yi arba'in ta koma ɗakinta sannan ranar jarrabawar za ta zo.

Kwatsam wata Litinin saƙo ya shigo wayarta: an matso da jarrabawa zuwa Asabar mai zuwa, wanda bai zauna ba kuwa sai baɗi. Arba'in ɗinta da sauran kusan mako biyu. Ta karanta sau uku, sannan ta je ta durƙusa gaban Gwaggo ta yi mata bayani.

Gwaggo Asibi ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Da ɗanyen jiki? Babu inda za ki."

"Gwaggo, likita ta duba ni, ta ce lafiyata ƙalau. Awa biyu ce kacal—"

"Ba ta likita nake yi ba. Amana aka kawo mana. Da wane ido zan kalli Hajiya Tani in ta ji mun saki surukarta da jikanta a titi arba'in ba ta cika ba? A ce mutanen Kabara ba su san darajar 'ya'yan mutane ba? Boko ba ya ƙarewa, baɗi ma rana ce."

Sa'ida ta waiga wajen mahaifiyarta. Umma Hadiza na zaune bakin madafa tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba. Dama Sa'ida ba ta sa rai ba. Ita ce 'yar fari, kuma Umma irin matan nan ne masu tsananin kara: tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "yarinyar nan", ba ta kuma taɓa tsaya mata a gaban dangin miji ba. Sa'ida ta saba, amma ranar abin ya sosa mata rai ƙwarai. Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Da Auwal ya zo ya tarar da idanu jawur. Ta zayyana masa komai, sannan ta rage murya.

"Na samo dabara. Ka ce ranar Asabar za ka kai mu asibiti riga-kafi. Gwaggo ba ta hana asibiti. Kafin azahar mun dawo, babu wanda zai sani."

Ya karɓi Mikail yana wasa da ɗan yatsansa.

"Sa'ida, ba zan yi wa iyayenki ƙarya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da adimishan ya fito me za mu ce? A mafarki kika rubuta?"

"To ka shiga ka ce matarka ce, ka yarda ta je."

"In ɗaga wa Gwaggo murya a gidan ƙaninta? Matar da ke tashi tun asuba tana hura miki wuta?"

"Shi ke nan." Hawaye suka sake ɓalle mata. "Dama an ce alkawarin zance a soro yake ƙarewa. Ni ce ban yarda ba."

Maganar ta soke shi, har ya buɗe baki zai rama, sai ya haɗiye. Ya miƙa mata yaron, ya ce ta ci gaba da karatunta kamar babu abin da ya faru, ta ba shi zuwa Alhamis. Ta karɓi yaron ta shige ko sallama ba ta yi masa ba.

Bai zarce ko'ina ba sai Madabo, wajen mahaifiyarsa. Hajiya Tani ta saurare shi tsaf, ta girgiza kai.

"Allah sarki yarinya. In don ta ni ne ta je mana, wahalar da ta sha da karatun nan ai ba kaɗan ba ce. Amma ba a bakina za a ji ba. Ni uwar miji in aika a fito da 'yar mutane da ɗanyen jiki? Sai a ce ba ni na haife ta ba shi ya sa. Abin da iyayenta suka yanke shi ne daidai."

Nan Auwal ya gano bakin zaren. Gwaggo ta hana don kunyar Hajiya, Hajiya ta yi shiru don kunyar Gwaggo, a tsakaninsu shekarar matarsa za ta salwanta, alhali babu wadda ke ƙin tafiyar a zuciyarta. Ya san in ya kai wa wannan maganar waccan, za a ce ya ƙara gishiri don son matarsa. Sai ya gyara durƙuso.

"Hajiya, ban ce ki roƙi kowa ba. Ki dai je duba mai jego ranar Alhamis, an kwana biyu ba ki ga jikanki ba."

"Kai dai akwai wayo kamar ubanka," in ji ta. Amma ta yarda.

Ranar Alhamis da hantsi Hajiya Tani ta yi sallama, da kwanon ƙauri da turmin atamfa. Aka shimfiɗa mata babbar tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yaba ƙibar yaro, aka yi gardamar wanda ya ɗebo kama. Sa'ida na gefe ta sunkuyar da kai. Can Gwaggo Asibi ta yi gyaran murya.

"Hajiya, wai 'yar taku ce ta tsiro da zancen jarrabawa jibi. Na ce mata ba za mu yi wa mutanen Madabo haka ba."

"Ayya, ai 'yarku ce, Hajiya Asibi. Abin da kuka gani shi ne."

"A'a, matarku ce, mu riƙo muke yi."

"Haba, wa ya kai ku iko da ita? Mu namu ido."

"To ai shi ke nan, tunda kin ce haka."

"Shi ke nan."

Suka yi wa juna murmushi, kowacce ta gamsu ta fita kunyar 'yar uwarta. Sa'ida ta ji kamar ta kurma ihu. Ga magana ta zo har bakin ƙofa, ladabi ya mayar da ita. Hajiya Tani ta fara laluben takalmanta.

Sai aka ji murya daga bakin madafa. Umma Hadiza ce, ba ta kalli kowa ba, idonta na kan tukunya.

"Yaya, ku gafarce ni, kun san ba na shiga maganar yarinyar nan. Amma ina saurare tun ɗazu, ban ji wadda ta ce kada ta je ba. Ke kina jin nauyin Hajiya, Hajiya tana jin nauyinki. Ni kuwa ina ganinta tun ƙafafunta na kumbure take fama da takardun nan." Ta ɗago kai ta dube su. "Ku bar Sa'ida ta je."

Sa'ida ta ɗago a firgice. Tun da ta zo duniya yau ne ta fara jin sunanta a bakin mahaifiyarta, kuma ba ta taɓa sanin yana da daɗi haka ba. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka, wannan karon na farin ciki.

Gwaggo Asibi ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Yau Hadiza ta kama sunan 'yar fari a gaban suruka. Lallai boko ya ci gari."

Hajiya Tani ta fashe da dariya har da tafawa.

"Wallahi ni tun farko so nake ta je, nauyinku nake ji."

"Ni ma don ke na hana, baiwar Allah. Da kin faɗa tun ɗazu ai da ba mu sa yarinya kuka ba."

Gwaggo dai ba ta sauko haka kawai ba, sai da ta kafa sharuɗɗa. Za a yi wanka kafin a fita, za a sa safa da rigar sanyi ko rana na tsaga ƙasa, kuma ƙafarta ƙafar mai jego.

Haka aka yi. Ranar Asabar Auwal ya aro motar abokinsa ya kwashe su. A barandar ɗakin jarrabawa Gwaggo ta shimfiɗa darduma, ta goya Mikail, ta ajiye fulas ɗin kunu a gefe, tana harar duk ɗalibin da ya yi tari kusa da su. Kafin Sa'ida ta shiga ta matso kusa da mijinta.

"Abban Mikail, ka yafe min maganar da na faɗa maka a soro."

"Wace magana? Ni sunayen aljanun nan kawai nake tunawa. Shiga, Allah ya ba da sa'a."

Da ta fito fuskarta a sake, ta ce yawancin tambayoyin ita da Auwal sun riga sun bi ta kansu. Gwaggo ba ta bari ta ƙarasa ba ta danƙa mata kofin kunu.

Sai bayan ta yi arba'in ta koma ɗakinta da 'yan makonni sunaye suka fito, nata na ciki. Aka yi ta barka daga Kabara har Madabo, Gwaggo Asibi na gaya wa duk wanda ya shigo cewa da ita aka rubuta.

Kara ado ce a gidan mutunci, amma in ta hana a faɗi gaskiya takan cuci wanda ake so. Mai haƙuri kuwa, da ya bi iyaye ta ƙofa bai haura musu katanga ba, yakan samu abin da ya nema har da ƙari. Sa'ida da kanta ta shaida haka ranar da suke zaune da Auwal suna sake duba sunanta a waya.

"Ka san wani abu?" in ji ta. "Da ka biye min mun yi ƙaryar riga-kafi, da wataƙila na samu adimishan ɗin. Amma da har in mutu ban ji Umma ta kira sunana ba."