Faranti na Biyu

Ranar da Horia ya fara ganin Ilinca yayyafi ake yi a garinmu Bacău, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai sai dai ya ɓata masa rai. Ta shigo gidan abincin da yake aikin kai faranti, ɗaya daga rassan nan na abincin Italiya da ke kowane babban kanti, masu jan ƙyallen tebur da hoton kwale-kwale a bango, ko da yake kukun ɗan ƙauyenmu ne, ko a mafarki bai taka Italiya ba. Baƙaƙen kaya ne a jikinta. Ta zauna kusa da taga, ta ce a kawo taliya da miyar tumatir, faranti biyu.

Horia ya kawo yana cewa a ransa, to, mai sa'ar yana hanya. Ba wanda ya zo. Ta kunna siririn kyandir, ta ɗan taɓa nata abincin, sannan ta yafito shi, ta miƙa masa ɗaya farantin da hannu biyu.

"Don ran mahaifiyata, Aurica."

Ɗan gari ne, ya san ba a godiya a kan sadakar mamaci. Ya ce, "Allah ya karɓa." Ya koma bayan kantar ya cinye a tsaye, yana satar kallonta.

Labarin Aurica kowane layi a garinmu yana da irinsa. Ta tafi Italiya jinyar tsofaffin wasu, da niyyar shekara guda, aka wayi gari Ilinca ta girma tana jin muryarta a waya kawai. Kullum takan ce in ta dawo za ta dafa musu taliya irin ta can. A akwati aka dawo da ita. Tun daga ranar, mijinta, Baba Costel, ya hana taliya shiga gidansa. Shi ya sa kowace Asabar, ranar tuna mamata, Ilinca take fitowa nan a ɓoye. Sadakar mamaci kuwa ba a ba ɗan gida, bare ake ba, kuma ga Horia a kusa.

Asabar ta bi Asabar. Ya fara ajiye mata teburin taga, ita kuma ta daina saurin tashi. Wata rana ya sa ta dariya, ta rufe baki kamar ta yi laifi. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Ili tawa, tumatir ya fara fita ta kunnena, amma in daga hannunki ne zan ci har tsufa."

Ta amsa: "Acici. Yau na yi dariya, na ji kunyar Mama. Gobe ma ka sa ni."

Da ta gaya wa mahaifinta zancen Horia, bai ko ɗago kai ba. Ya ce bai yarda ba, kuma ba ya son ganin fuskar yaron. Duk wanda ke yawo da farantin Italiya, in ji shi, wata rana zai bi farantin zuwa inda ya fito. Ga Viorel ɗan maƙwabta, mai shagon taya, ba inda za shi. Gaskiya ne Viorel ba inda za shi, amma bakinsa yana zuwa ko'ina. Shi ya tsinto labarin cewa yayan Horia ya samo masa aiki a Torino, can Italiya, ya kawo shi gidan da zafinsa.

Labarin ba ƙarya ba ne, tsoho ne kawai. Horia ya amsa tayin tun kafin ya san Ilinca, daga baya ya fasa, ya kuma yi wautar ɓoye mata don kada sunan ƙasar ya tayar mata da hankali. Saƙonta gajere ne:

"Na riga na raka mutum ɗaya tashar mota. Ba zan raka na biyu ba. Kar ka neme ni."

Ya rubuta: "Ili, na fasa tun tuni. Wallahi na fasa." Ba ta buɗe ba.

Hunturu ya shigo. Teburin taga ya koma na masu yara da hayaniya. Horia ya rame, har kuku yana tsokanarsa wai mai kai abinci ya fi mai jira yunwa. A gida Ilinca ta yi shiru irin wanda ya fi kuka ciwo, tana dafa wa mahaifinta miyar kabeji, suna ci ba mai kallon wani. Viorel yana zuwa da furanni, suna bushewa a inda ya ajiye su.

Shirun nan ne ya ishi Baba Costel. Wata Asabar ya sa tsohuwar kwat ɗinsa ya nufi kantin, da niyyar ya ga yaron da ya jefa masa 'ya cikin baƙin ciki, ya wanke shi tas. Ya zauna a lungu, ya ce kofi kawai. Yana cikin haɗa maganar da zai faɗa, sai ga wani siririn saurayi ya ajiye masa farantin taliya, ya kunna kyandir a gefe.

"Baba, in ba za ku damu ba. Don ran wata baiwar Allah, Aurica."

Tsohon ya daɗe yana kallon tururin. Da kyar ya tambaya, "Mece ce ita a wurinka?"

"Ban taɓa ganinta ba. 'Yarta ce take bayarwa, ta daina zuwa, laifina ne kuma. Na ga bai kamata ita ta rasa abincinta don wautata ba."

"An ce Torino za ka."

Horia ya dube shi da kyau, ya ga idanun Ilinca a fuskar. Nan take ya gane ko wane ne.

"Ba inda za ni, Baba."

Baba Costel ya tura farantin a hankali. "Ba zan iya karɓa ba. Matata ce." Sai ya kifa kai a kan jan ƙyallen nan ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba, mutane suna cin abincinsu suna kau da kai.

Da shekarar rasuwar ta cika, bayan addu'a a coci, shi da kansa ya ce a tafi gidan taliyar. Ilinca ta riga ta buɗe saƙon, ta kuma yi wa Horia faɗan da ya cancanta. Aka kawo faranti na biyu. Ta kunna kyandir, ta ɗauka da hannu biyu ta juya wajen Horia kamar yadda ta saba.

Mahaifinta ya riƙe hannunta.

"Ba shi ba, 'yata. Nemi bare."

Ta tsaya da farantin a hannu, hawaye na zuba. Horia ne ya karɓa ya kai wa wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai.

Bayan bikin Ista aka ɗaura wa Ilinca da Horia aure. Ilinca ta cire baƙi ta sa fari, Baba Costel ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su gida mai albarka, ya tsufar da su a gari ɗaya, a tebur ɗaya. A wajen walima an bar kujera guda babu kowa, da kyandir a gabanta, kuma tsohon ya ci taliya har ya nemi ƙari.