Ledar Cikin Tumbi

Ranar da Kubra, Allah ya jiƙanta, ta fara ganin Jalaluddeen, amai ta yi.

A kwatar Kaura Namoda ne, da hantsi. Ta zo hutu daga Shinkafi wurin gwaggonta Asta, suka tafi sayen kayan ciki. Can gefen rariyar da jini ke bi, suka ga wani saurayi tsugune gaban tumbin saniya. Ya zura hannu ciki, ya jawo wani baƙin dunƙule kamar girman tulu, yana ɗigar da koren ruwa. Ƙudaje suka tashi gaba ɗaya suka sake sauka. Wanda bai shaƙi warin nan ba, ba zai gane ba.

Kubra ta juya ta dafa bango, kokon da ta sha da safe ya dawo.

Saurayin ya taso da buta. "Sannu Malama, ga ruwa."

"Kak ka matso kusa da ni!"

"Butar da tsabtarta."

"Hannun fa?"

Ya dubi hannunsa. Gwaggo Asta ta toshe hanci da gyale ta ce, "Kai Jalalu, Allah shi shirye ka. Duk karatun zanen da ka yo a Zariya, ga kashin shanu ka ƙare?"

"Ba kashi ba ne, Gwaggo. Leda ce."

Da la'asar sai ga shi ƙofar gidan, ya yi wanka ya sa farar riga, wai ya zo ba da haƙuri. Kubra ta fito zaure ta tsaya can nesa, kamar mai kallon maciji.

A lokacin shari'a ta shekara huɗu a Zamfara. Kafin nan Jalalu zane yake yi jikin manyan motoci, zaki da mikiya, da kawunan mutane a allon masu aski. Da shari'a ta zo, masu motocin da kansu suka riƙa dawowa a shafe musu fuskokin da fenti, kowa yana gudun a yi da shi. Ya shafe aikinsa da hannunsa har ya ƙare.

"To mi ya kai ka ga tumbi?" in ji Kubra.

"An ce kada in zana mai rai, ban yi gardama ba. Amma ba a ce kada in nuna abin da ke kashe mai rai ba. Dabba ta haɗiye leda, ledar ta cunkushe mata ciki, tana ci tana ramewa. Ni wankewa kawai nake yi, in shanya, in kafa jikin katako. Ban ƙara komai ba. Duk wadda kika gani, hannun mutum ne ya yar da ita."

"Kuma mutane su zo su kalli ƙazanta?"

"Su zo su kalli kayansu."

Ta yi tsaki. Amma kwana biyu bayan nan ita ce ta matsa wa gwaggonta su je su gani.

Wani tsohon sito ne kusa da tashar jirgin ƙasa. An jingina katakai sun kai ashirin. Kowanne an baje masa leda an kafe da ƙananan ƙusoshi: ledar burodi, ledar fiya wata, igiyar buhu, har da igiyar silifa. Ruwan ciki ya rina su, wata ta koma kalar ƙasa, wata kore-kore. Daga nesa sai ka ce rinin tsohon zane ne. In ka matso, warin yana nan ƙasa-ƙasa, duk da toka da sabulun da suka sha.

Ƙarƙashin kowane katako ya liƙa takarda, ya rubuta garin da dabbar ta fito, da mai ita, da mahaucin da ya yanka ta. Ya yi da boko, ya yi da ajami.

Kubra tana koyarwa a Islamiyya. Ta ga ajamin ta kama baki. "Wanga rubutu ya fi ledar muni. Kaza ta bi ta kai?"

"To ki gyara mini, Malamata."

"Ajiye takardun ƙasa ka ja baya."

Haka ta zauna ta sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan katakon da ya fi kowanne girma, na wata saniya daga Zurmi, ta ga babu sunan mahauci. Ta tambaya, ya ce ya manta. Ta bar wurin babu komai.

Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba. Da ta koma Shinkafi, sai ta tsaya kusa da rumbu take samun sabis. Nan take karanta saƙonninsa.

"Malamata, yau sau goma sha ɗaya na wanke hannu. Na kai a amsa gaisuwata?"

"Ƙara ɗaya, Sarkin Leda."

"Na ƙara. Ina sonki, Kubra. An hana ni zana fuskarki, amma ko ba a hana ba fentina bai isa ba."

"Bakinka ya fi sitonka ƙamshi. In da gaske kake, ka turo manya."

Ya tura kawunsa. Mahaifinta, Malam Balarabe, malamin fiƙihu ne da har alƙalai kan zo zaurensa tambaya. Ya saurari kawun ya ce a ba shi lokaci ya bincika.

Akwai wani Anwar, ma'aikacin ofis, da ya daɗe yana son Kubra tana kauce masa. Mutum ne mai farar shadda da turare, amma in ya sha fiya wata ta tagar mota yake cilla ledar, ya bi ta da majina. Shi ya je ya durƙusa gaban Malam, da muryar mai tsoron Allah, ya ce yaron nan gumaka yake haɗawa a sito, kuma cikin mushe yake tona kayan aikinsa. Kafin Alhamis ta zagayo, duk kasuwar Shinkafi ta ɗauka. Matan da suka sha ruwa a ɗakin uwar Kubra su ne suka fi kowa yaɗawa, suna tofar da yawu suna dariya. Tir da irin wannan hali.

Malam ya kira ta. "Kubra, ban ba da ɗiyata ga mai wasa da najasa. Wanda jikinsa bai rabuwa da mushe, da wane tsarki zai ja ki salla?"

"Baba, daga kwata yake ɗauka. Ni na rubuta sunayen mahautan."

"Dukkansu?"

Ta buɗe baki, sai katakon Zurmi ya faɗo mata a rai. Malam ya ce, "Tashi ki tafi."

Ta je bakin rumbu ta tura wa Jalalu saƙo.

"Saniyar Zurmi, wa ya yanka ta?"

Sai da aka yi sallar azahar amsa ta zo.

"Ba a yanka ta ba. Ta wani manomi ce, Maiwada, ita kaɗai gare shi. Ta faɗi a gona ta mutu kafin a kawo wuƙa. Shi ya roƙe ni in buɗe mu ga abin da ya kashe ta. Na ji tsoron in gaya miki ki guje ni."

"Na jure warinka, Jalalu. Ƙarya ce ba ni iya jurewa. Ka sa na tsaya gaban Baba ina rantsuwa a kan abin da ban sani ba. Yau ka ba ni ƙyama fiye da ranar kwata."

"Ki yafe mini, hasken idona. Zan ƙone katakon."

"In ka ƙone shi ƙaryar ta ƙone? Kak ka sake rubuto mini."

Kwana tara ba ta je kusa da rumbu ba. Ta rame, ko tuwo ba ta iya gamawa.

Ranar da Jalalu zai buɗe siton jama'a su gani, Malam ya ce zai je ya gani da idonsa, don bai yanke hukunci da ji kawai. Ya hau motar Kaura, Kubra da uwarta suka bi a motar mata. Anwar ya riga su isa.

An share siton, an ja igiya tsakiya, maza gefe mata gefe. Wasu dariya suka zo yi, suna shiga suna toshe hanci. Amma manoma da Fulani ba su yi dariya ba. Wani tsoho daga Katuru ya daɗe tsaye gaban wani katako, ya sa aka karanta masa takardar, ya ce, "Ashe abin da ya cinye mini akuya ke nan. Ni kuwa maƙwabcina na zarga da sammu."

Malam ya shigo da hankici a hanci. Ya bi katakan ɗaya-ɗaya yana karanta rubutun 'yarsa, fuskarsa a yamutse. Ya tsaya gaban babban.

"Kai ne Jalaluddeen?"

"Ni ne, Allah shi gafarta Malam."

"Kowanne da mahaucinsa. Wanga fa?"

Maiwada bai zo ba. Duk cikin siton babu wanda ya san gaskiya sai Kubra, tana can bayan mata. Da ya ambaci sunan kowane mahauci, da an wuce wurin. Ya ɗaga kai ya hango ta, ita kuwa ta kafe shi da ido.

"Mushe ce, Malam. Da hannuna na farka cikinta."

Aka ɗauki salati. Anwar ya ce, "Kun ji ko! Ni na faɗa!"

Malam ya ɗaga masa hannu. "Da mi ka wanke ta?"

"Da toka da sabulu, sannan na ɗauraye da ruwan rijiya sau bakwai."

"Kai fa?"

"Na yi wanka, na wanke tufafin."

Malam ya cire hankicin daga hanci, ya matsa har gemunsa ya kusa taɓa katakon. Ya ja baya da sauri ya yi kaki, ya fita waje ya tofar, ya dawo idonsa ya yi ja.

"Wallahi ban taɓa ganin abin da ya tayar mini da zuciya kamar wanga ba," in ji shi. "Amma ku saurara. Abin cikin mushe najasa ne, babu shakka. Sai dai leda ba ta shan ruwa. In an wanke ta da ruwa mai tsarki har ƙazantar ta fita, ta tsarkaka."

"Malam, warin fa?" in ji Anwar.

"Warin da ya ƙi fita bayan an yi iya ƙoƙari, an yafe shi. Yana cikin littafi, da ka zauna ka karanta da ka gani. Ka ce mini gumaka. Ina kai a nan? Ina ido? Ni ban ga sura ba, sai abin da muka zubar bayan gidajenmu."

Ya juya ga Jalalu. "Ina ƙyamar sana'arka, kuma ban jin zan daina. Amma ƙyamata ba shari'a ba ce. In na hana ka ɗiyata don hancina, in ce Allah ne ya hana, na yi wa Allah ƙarya. Kai kuwa da ka so yi mini ƙarya yanzu, ba ni da hanyar ganewa. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Jalalu ya zube ƙasa. Anwar ya sulale ya fita, ba wanda ya tambayi inda ya nufa.

Suna cikin mota a hanyar komawa wayar Kubra ta yi ƙara.

"Malamata, an yafe wari. Ni fa?"

Ta share ido da bakin hijabi ta rubuta: "Ka cike takardar Zurmi. Ka sa: ta mutu ba a yanka ba. Sannan in duba."

"Na sa. Ajamin ya karkace."

"Bar shi haka, masoyina. Na yafe."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Sharaɗi biyu ya kafa: katakan su zauna a sito, ko ɗaya kada ya shiga ɗakin 'yarsa, kuma ango ya yi wanka kafin ya shigo gida. Jalalu ya ce ya ji ya karɓa.

Abin da ba wanda ya zata shi ne, Malam ya hana a raba komai na bikin cikin leda. Goro a takarda aka ƙunsa, waina da alkaki kuwa kowace mace sai ta zo da kwanonta. Mata suka yi ta guna-guni, wai a ina aka taɓa yin haka. Gwaggo Asta ta ce wadda ba ta iya ɗauko kwano ta koma gida da yunwarta.

Da za a tafi da amarya Kaura, aka kai ta zaure ta yi sallama da mahaifinta. Tana kuka, ango na durƙushe gefe. Malam ya dafa kanta.

"Kubra, na ba ki mai faɗin gaskiya ko da za ta kashe shi. Ki riƙe shi. Kai kuma amana ce na ba ka. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuriya mai tsarkin zuciya, shi sa ku gama da duniya lafiya."

Duk wanda ke zauren ya shafa. Kubra ta ɗago da jajayen idanu, ta dubi mijinta ta ƙasan mayafi, ta ce amin a hankali.