Kofi Biyu a Gaban Don Eusebio

Griselda tana murza ƙullun masara a kicin, hawaye na ɗiga ciki har ba sai an sa gishiri ba, mahaifinta Don Eusebio kuma yana tsaye a ƙofa yana sake rantsuwa ba zai ba Nicanor ita ba.

Laifin Nicanor ɗaya ne. Shi ke jan matasan unguwa zuwa bakin masana'antar ƙera kayan cikin waya, suna ɗaga kwalayen zanga-zanga kan gubar da take zubarwa a rafinmu. Don Eusebio kuwa shi ne shugaban masu gadinta, kuma duk inda ya zauna sai ya ce ruwan rafin tas yake, ko yanzu zai sha. Rafin da ni da idona na ga kwaɗo ya fito daga cikinsa yana neman wurin wanka.

Griselda ba ta taɓa yi wa uban musu ba. Kullum ta kai masa abinci wurin aiki, ta wuce Nicanor da kwalinsa kanta a ƙasa, ta dawo gida ta yi kukanta.

To, a garinmu uba ba ya cewa a'a da baki ranar neman aure. Dangin saurayi kan kawo kunun atole. In ya sha, ya bayar. In ya nemi ruwa, sai su tattara su tafi.

Ranar Lahadi iyayen Nicanor suka zo. Don Eusebio ya gayyato abokan aikinsa su sha kallo. Ya ture kunun gefe, ya ce wa matarsa, "Remedios, ruwa."

Doña Remedios ta fito da kofin gilashi, kumfa a samansa, warinsa ya riga ta isowa.

"Wannan fa daga ina?"

"Daga rafinka, tsoho. Ba kai ka ce tas yake ba? Sha mana, baƙi na jira."

Ƙuda ya sauka a bakin kofin, ya faɗi rigingine. Abokan aiki suka hau kallon rufin ɗaki. Don Eusebio ya dubi kofin, ya dubi 'yarsa da ke rakuɓe jikin labule, ya jawo kunun ya shanye.

"Sukari ya yi kaɗan," abin da ya ce ke nan.

Har yau yana gadinsa, sai dai in surukinsa ya zo da kwali, shi ke fito masa da kujera. Haƙurin Griselda ya ba ta miji ba tare da ta rasa uba ba. Ku kuma iyaye, kada ku rantse kan ruwan da matanku suka san hanyar ɗebowa.